BARCI AMANA NE: DARASI A KAN ƊAUKEWAR NUMFASHI DA YAWAN TASHI FITSARI DA DARE

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda gyangyaɗi ba ya kama Shi, balle barci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan wata lalura ce wadda ta yawaita a gidajenmu, amma kunya ta hana a yi zancenta a fili. Lalurar ita ce ta mutumin da ba ya samun barci cikakke, saboda numfashinsa yana ɗaukewa yana dawowa bai sani ba, kuma fitsari yana tashinsa sau da yawa kafin gari ya waye. Wani zai ce wannan ai zancen asibiti ne, me ya kawo shi filin addini? To, amsa ita ce, abin da duk ya taɓa tsarkin Musulmi, da sallarsa ta Asuba, da mutuncinsa a idon jama'a, ya zama zancen addini.

ABIN DA YA JAWO DARASIN

Akwai wani dattijo ɗan kasuwa a unguwarmu, wanda ya fi shekara ashirin ba a rasa shi a sahun farko na sallar Asuba. Sannu a hankali sai aka fara rashinsa. In ya zo Juma'a kuwa, kafin liman ya gama huɗuba ta farko kansa ya sunkuya. Nan fa bakuna suka buɗe. Waɗansu suka ce arziki ya zo, ibada ta tafi. Wani ma har ya jawo masa hadisin nan na mutumin da ya kwana yana barci har gari ya waye, wanda aka ce Shaiɗan ya yi masa fitsari a kunne.

Wata rana bayan Isha'i ya tsaya har kowa ya watse, sa'an nan ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ina da tambaya, amma ta yi mini nauyin faɗi." Na ce, "Alhaji, ai babu kunya a wajen neman sanin addini." Sai ya ce a kowane dare yakan tashi fitsari sau biyar ko shida. Daidai lokacin da ladan ke kiran assalatu, a sa'an nan ne barci mai nauyi ke danne shi. Wani lokaci kuma kafin ya kai bayan gida ɗigo ya riga ya taɓa wandonsa. Ya ce, "Malam, ni munafiki ne ko kuwa jifa aka yi mini?"

Na tambaye shi ko iyalinsa ta taɓa lura da wani abu. Ya ce maiɗakinsa ta daɗe tana gaya masa cewa minsharinsa yakan yi ƙarfi, sa'an nan ya yanke ɗif, ƙirji yana motsi amma iska ba ta fita, har sai tsoro ya kama ta ta girgiza shi, sai ya ja numfashi da ƙara kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ya ce shi dai dariya yake yi mata. Na ce masa, "Alhaji, maganar Hajiya ita ce shaida, domin mai barci ba ya zama shaidar kansa. Ka ga likita, sa'an nan mu zauna a kan hukuncin."

MATSAYIN BARCI A MUSULUNCI

Allah Ta'ala Ya ambaci barci a cikin ni'imominSa. A Suratun Naba'i, aya ta 9, da Suratul Furƙan, aya ta 47, an siffanta barci da kalmar "subat". Asalin kalmar a harshen Larabci yankewa ne, watau yankewar wahala da zirga-zirga domin jiki ya huta. A Suratur Rum kuma, aya ta 23, an lissafa barcinmu cikin ayoyin da ke nuna ikon Ubangiji. To, barcin da ake yankewa sau talatin ko arba'in a cikin sa'a guda ya rasa ma'anarsa, ko da mai shi ya shafe sa'a tara a kan gado.

Sunna ma ta ba jiki haƙƙinsa. Buhari ya ruwaito yadda Salmanul Farisi ya hana ɗan'uwansa Abud Darda'i raya dare gaba ɗaya, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito umurnin cewa wanda gyangyaɗi ya kama yana cikin salla ya je ya kwanta har barcin ya sake shi, don kada ya tashi neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Idan an hana mutum ya hana wa jikinsa barci saboda nafila, ina kuma ga wanda ya bar cuta tana sace masa barci shekara da shekaru, alhali kuwa akwai magani?

Sai dai a lura, ba kowane minshari ne cuta ba. Abdullahi ɗan Abbas ya kwana a ɗakin gwaggonsa ta wajen uwa, Nana Maimuna, ya kuma ba da labarin cewa Manzon Allah ya yi barci har ana jin sautin numfashinsa. Numfashi mai sauti wanda ke tafiya daidai babu yankewa daban ne. Abin tsoro shi ne minsharin da ke yankewa, sa'an nan ya dawo da shaƙewa.

YADDA NUMFASHI KE ƊAUKEWA

Bayanin likitoci shi ne, idan mutum ya yi barci naman maƙogwaronsa da tushen harshensa sukan saki. Ga mafi yawan mutane hanyar iska takan zauna a buɗe. Ga waɗansu kuwa takan ƙuntata, shi ne minshari, ko ta rufe gaba ɗaya. In ta rufe har tsawon daƙiƙa 10 ko fiye, ana lissafa shi ɗaukewa guda. A wannan hali iskar oksijin da ke cikin jini takan ragu, sai ƙwaƙwalwa ta firgita ta farkar da mai barci na ɗan lokaci kaɗan don ya buɗe maƙogwaro, sa'an nan ya koma. Da safe ba zai tuna ko ɗaya ba. Likitoci sun kasa cutar uku: daga sau 5 zuwa 14 a sa'a guda mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani.

Kada mai karatu ya ɗauka abu ne na mutum ɗaya ko biyu. Wani ƙiyasi da masana suka buga a shekarar 2019 ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 936, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da wannan lalura a duniya. Ta fi kama maza, da masu ƙiba, da masu kaurin wuya, da waɗanda shekaru suka ja, da mata bayan ɗaukewar al'ada. Taba da giya da ƙwayoyin sa barci suna ƙara mata ƙarfi. Amma siriri ma yana iya samunta idan halittar haɓarsa ko maƙogwaronsa ta zo da ƙunci.

Alamominta da rana su ne: tashi da ciwon kai da bushewar baki, gajiya ko da an daɗe a kwance, mantuwa, saurin fushi, da gyangyaɗi a ko'ina, a masallaci, a shago, har a kan sitiyari. In aka ƙyale ta kuwa tana taimakawa wajen hawan jini wanda ba ya jin magani, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari.

INA HAƊIN NUMFASHI DA FITSARI?

Nan ne abin mamaki yake, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata. A bisa tsarin da Allah Ya yi wa jiki, in dare ya yi akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke ƙara saki wanda ke umurtar ƙoda ta rage tace ruwa, don haka mai lafiya ke iya kwana sa'a shida ko bakwai bai tashi ba. Amma mai ɗaukewar numfashi, a duk lokacin da ya yi ƙoƙarin jan iska alhali maƙogwaro a rufe yake, ƙirjinsa yakan ja zuciya har bangonta ya miƙe. Sai zuciya ta ɗauka ruwa ne ya yi yawa a jiki, ta saki wani sinadari nata wanda ke sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. Ta haka mafitsara ke cika da wuri. Ga shi kuma barcin mutumin ba ya nisa, saboda haka ɗan motsin mafitsara kaɗan ya isa ya tashe shi. Shi yana ganin fitsari ne ya tashe shi, alhali kuwa sau da yawa shaƙewa ce ta tashe shi, ita ce kuma ta tara fitsarin.

Akwai kuma lalura ta biyu, wadda za mu kira gaggawar mafitsara. Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar kusan abin da ke cikin ledar ruwan sha guda, watau wajen rabin lita. Mai wannan lalura kuwa tsokar mafitsararsa takan matse tun ba ta cika ba, sai ya ji matsuwa farat ɗaya wadda ba ya iya jinkirtawa. Yakan zaga fiye da sau 8 a yini da kwana, yakan tashi da dare, wani lokaci kuma fitsarin ya kuɓuce kafin ya isa. Lalurorin nan biyu sukan haɗu a kan mutum guda, kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta nauyi.

Har ila yau akwai waɗansu dalilai da likita zai bincika: ciwon sukari, kumburin wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji wadda ake kira furostet, ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari, tsargiya ga masu shiga rafi da fadama, ciwon zuciya mai sa kumburin ƙafa, da irin maganin hawan jini mai sa fitsari. Shayi mai kauri da kofi da goro su ma suna tsokanar mafitsara. Yoyon fitsarin da ke samun mata bayan doguwar naƙuda kuwa wata cuta ce daban, ana gyara ta da aikin tiyata a asibitoci irin na Babbar Ruga da ke Katsina.

HUKUNCIN TSARKI

Yanzu sai mu koma ga fiƙihu. Sha'anin fitsari ba abin wasa ba ne, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah ya wuce kaburbura biyu da ake yi wa masu su azaba, ɗaya kuwa laifinsa shi ne rashin kiyaye kansa daga fitsari. Saboda haka istibra'i wajibi ne, watau mutum ya dakata har ya tabbata abin da ke cikin mafita ya ƙare. Amma wannan gargaɗi a kan mai sakaci yake. Mai lalura yana da nasa hukunci, kuma wajibi ne a rarrabe tsakanin mutum uku.

Na farko, wanda yake yawan zagawa amma yana iya riƙewa har ya isa, kuma in ya gama ya gama. Wannan ba shi da wani hukunci na daban. Alwalarsa tana warwarewa kamar ta kowa, sai ya sake ta. Abin da ya kamace shi shi ne ya fara zagawa kafin ya shiga salla, domin Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha hanin yin salla alhali mutum yana fama da matsuwar fitsari ko bayan gida. Gara ya rasa raka'a guda a jam'i ya yi salla da natsuwa, da ya tsaya a sahu zuciyarsa tana bayan gida.

Na biyu, wanda fitsari ke fita masa ba da nufinsa ba. Wannan shi ne malamai ke kira mai "salas", kalmar da asalinta ke nufin abin da ke gudana a sauƙaƙe ba ya riƙuwa. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halil da sharhohinsa, ana duba yawan lokacin da abin ke ɗauka. Idan yana zuwa dukkan lokaci ba ya yankewa, ba ya warware alwala, kuma ba a neme shi da sake ta ba. Idan yana zuwa mafi yawan lokaci ko rabinsa, ba ya warware alwala, amma mustahabbi ne ya sake ta a kowace salla muddin babu wahala, kamar tsananin sanyi. Idan kuwa lokacin yankewarsa ya fi na zuwansa yawa, to, yana warware alwala, sai ya jira sa'ar da ya yanke ya yi alwala ya yi salla. Malamai da yawa sun ce lokacin da ake lissafi da shi shi ne na salloli, watau daga zawali zuwa fitowar rana ta gobe. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ita ma ta ambaci mustahabbancin alwala a kowace salla ga mai wannan hali.

Game da tufafi da jiki kuwa, idan ɗigon yana zuwa masa kullum ko da sau ɗaya ne, ba da zaɓinsa ba, an yi masa rangwame a kan abin da ya taɓa shi, sallarsa ta yi. Duk da haka yana da kyau ya sa ƙyalle ko auduga ya tare, ya kuma keɓe wando guda na salla in da hali, don kada ya ɓata shimfiɗar masallaci. Makaruhi ne kuma ya limanci masu lafiya idan akwai wanda zai iya.

Ga wani sharaɗi wanda mutane ke mantawa. Masu sharhin Muhtasar sun bayyana cewa wannan sauƙi na wanda ba shi da ikon kawar da lalurar ne. Wanda yake da ikon yin magani, ana yi masa uzuri a tsawon lokacin da yake neman maganin yana kuma shansa. In ya ƙi nema da gangan alhali yana da hali, abin da ya fita yana warware masa alwala. Dubi yadda malamanmu na da suka ɗaure rangwame da neman magani.

Na uku, mai waswasi, wanda yake jin kamar wani abu ya fita, in ya duba bai ga kome ba, kuma haka yake fama kullum. Wannan maganinsa shi ne ya kau da kai, kada ya yi ta dubawa, kada ya yi ta matsa jikinsa a bayan gida har ya jawo wa kansa ciwon da ba shi da shi.

Sai hukuncin gyangyaɗi a masallaci. Ɗalibin da ya karanta Ishmawi ya san barci kashi huɗu ne: mai nauyi mai tsawo da mai nauyi gajere duka suna warware alwala, mara nauyi gajere ba ya warwarewa, mara nauyi mai tsawo kuwa mustahabbi ne a sake. Alamar mai nauyi ita ce carbi ya faɗi daga hannu, ko a yi magana kusa da mutum bai ji ba. Wanda wannan ya same shi a lokacin huɗuba, ya tashi ya sake alwala, kada kunya ta sa ya yi salla babu tsarki.

WANDA ASUBA TA KUƁUCE MASA

Muslim ya ruwaito daga Abu Ƙatada cewa a wata tafiya barci ya rinjayi Manzon Allah da sahabbansa har rana ta fito, ya kuma sanar da su cewa ba a lissafa barci a cikin sakaci, sakaci yana ga wanda yake farke ya bar salla har lokacin wata ya shiga. Anas kuma ya ruwaito cewa wanda ya yi barci ko ya manta, ya sallace ta sa'ad da ya tuna. Saboda haka wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya kwanta da wuri, ya sa agogo, ya roƙi iyalinsa su tashe shi, amma cuta ta danne shi, babu zunubi a kansa, sai ya yi salla da zarar ya farka. Buhari ma ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya yana gida.

To, jama'a, mu ji tsoron Allah a kan harsunanmu. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hane mu yawan zato, ta kuma hane mu cin naman juna. In ka rasa ɗan'uwanka a sahu, haƙƙinsa a kanka shi ne ka je ka gaishe shi ka tambayi lafiyarsa. Hadisin Shaiɗan da kunne gargaɗi ne ga wanda ya yi hira har tsakar dare ya kwanta babu niyyar tashi, ba sanda ba ce ta dukan marar lafiya.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Usamatu ɗan Sharik ya ruwaito, a cikin Abu Dawuda da Tirmizi, cewa ƙauyawan Larabawa sun tambayi Manzon Allah ko su nemi magani, ya umurce su da su nema, domin Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta, ban da tsufa. Kada dai mutum ya fake da wannan togaciya ya ce tashi sau shida a dare tsufa ne. Tsufa ba shi da magani, amma cututtukan da ke rakiyarsa suna da shi.

Na ɗaya, a je asibiti tare da wanda ke kwana kusa da marar lafiya, domin shi ya ga abin da ke faruwa. In ana da wayar hannu, a ɗauki sautin barcin a kai wa likita. Tabbatar da cutar kuwa sai da gwajin barci, inda ake auna numfashi da iskar jini har dare guda.

Na biyu, a rubuta lissafin kwana uku: abin da aka sha, lokacin da aka sha, da sau nawa aka zaga dare da rana. Wannan takarda takan nuna wa likita ko fitsarin ne ya yi yawa, ko kuwa mafitsarar ce ke gaggawa.

Na uku, a rage shan ruwa sa'a biyu ko uku kafin kwanciya, a mayar da shan zuwa rana, a bar shayi da kofi da goro tun daga La'asar. Amma kada a ƙuntata wa jiki ruwa gaba ɗaya, domin fitsari mai kauri ya fi tsokanar mafitsara. Mai kumburin ƙafa ya riƙa ɗaga ƙafafunsa da yamma. Mai shan maganin hawan jini kada ya daina da kansa, ya tambayi likita lokacin da ya fi dacewa ya sha.

Na huɗu, a rage ƙiba, domin tana cikin manyan dalilan toshewar maƙogwaro. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba ya koya mana kasa ciki uku, kashi na abinci, kashi na abin sha, kashi na numfashi. Wanda ya cika ciki da tuwo ƙarfe goma na dare ya kwanta nan take, ya ci kason numfashinsa.

Na biyar, a kwanta a kan gefe. Bara'u ɗan Azib ya ruwaito koyarwar yin alwala kafin barci da kwanciya a kan gefen dama. Likitoci kuma sun tabbatar cewa kwanciyar rigingine tana sa harshe ya faɗa baya ya toshe hanya. Wannan yana ragewa, amma ba ya wadatar da mai cuta mai tsanani.

Na shida, mai tsanani akwai na'urar da ke hura iska a hankali ta cikin abin rufe hanci, ta riƙe maƙogwaro a buɗe har safe. Ana kiranta Sifaf, kuma wani likita mai suna Colin Sullivan ne ya fara bayyana ta a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya a shekarar 1981. Da yawa daga masu amfani da ita tashinsu na dare yakan ragu ƙwarai. Tana da tsada, tana kuma bukatar wutar lantarki ko batir, saboda haka 'ya'ya da dangi masu hali su san cewa saya wa mahaifi wannan na'ura yana cikin biyayya da sada zumunci. Ga gaggawar mafitsara kuma akwai horon jinkirta fitsari kaɗan kaɗan, da motsa tsokar ƙasan mara, da magunguna waɗanda likita kaɗai ke rubutawa.

Na bakwai, a guji ƙwayoyin sa barci da maganin tari mai kodin, domin suna ƙara sakin maƙogwaro, suna kuma danne farkawar nan da ke ceton mai shaƙewa. Kada kuma a kai wa wanzami ya yanke belu da sunan maganin minshari. Yaron da ke minshari, yana barci baki buɗe, yana kuma fitsarin kwance, a kai shi a duba maƙogwaronsa maimakon a doke shi, domin sau da yawa kumburin naman wuya ne, kuma ana maganinsa.

Na takwas, direban da ya san barci na fizgarsa a kan hanya bai halatta ya ɗauki rayukan mutane ba har sai ya yi magani, domin ƙa'idar shari'a ita ce ba a cutar da kai, ba a cutar da wani, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik.

Ga tsofaffi kuma, faɗuwa a hanyar bayan gida cikin duhu ta karya ƙugu da yawa. A bar fitila a kunne, a kawar da abin tuntuɓe. Babu laifi a ajiye mazubi a ɗaki, domin Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Umaimatu 'yar Ruƙaiƙa cewa Manzon Allah yana da wani akushi na itace a ƙarƙashin gadonsa wanda yake amfani da shi da dare. Sai a zubar a wanke da sassafe. Wanda kuma yake tsoron ba zai iya tashi a ƙarshen dare ba, ya yi wutirinsa kafin ya kwanta, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir.

Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko fitsari ya ƙi fita, ko zazzaɓi ya haɗu da zafin fitsari, ko ƙishirwa mai yawa tare da rama, kada ya jira gobe.

RUFEWA

Shi dattijon nan da na faɗa muku, likita ya same shi da ɗaukewar numfashi mai tsanani, da kuma somin ciwon sukari. Ya sha wahala kafin ya saba da na'urar, har sau biyu yana ajiye ta, Hajiya tana lallashinsa. Ya bar goron dare, ya rage tuwo, ya riƙa zuwa kasuwa da ƙafa. Yanzu sau ɗaya yake tashi, wani daren ma ba ya tashi, kuma ya koma wurinsa a sahun farko. Waɗanda suka ci namansa kuwa, ɗaya ne kawai na ji ya je ya nemi gafararsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa barcinmu ya zama hutu da taimako a kan ibada, Ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinSa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah Ya gafarta mana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.